Filayen Kiɗa da Waƙa da Ba a Ji a Rediyo a Madawa da Buza da Keita

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya kasa kunne ga tashoshin rediyon da ake kamawa a gundumomin Madawa da Buza da Keita, cikin jihar Tawa, ba zai ce kiɗa ya yi ƙaranci ba, don kuwa tun daga hantsi har dare da wuya a murɗa akwati ba a tarar da waƙa tana tashi ba. Duk da haka akwai ƙorafin da aka saba ji daga bakin manoma da dattawa da matan karkara, watau cewa rediyo ya zo har ƙofar gida, amma kiɗan gida bai sami shiga cikinsa ba. Wannan sharhi zai duba irin filayen kiɗa da ake da su, da waɗanda babu, sa'an nan ya nuna cewa giɓin ya shafi masu nazarin harshe da masu tsara yaƙi da jahilci kai tsaye, domin a cikin waƙoƙin da aka bari a baya ne karin harshen wannan yanki ya ajiye mafi yawan dukiyarsa.

2.0 Yadda aka faro

An buɗe gidan rediyon Nijar a 1958, shi ne kuma aka sake wa suna Muryar Sahel a 1974. A wancan zamani tasha ɗaya ce tak, tana Yamai, nesa ƙwarai da duwatsun Adar da kwarin Magiya. Amma nisan ya tilasta wa ma'aikata fita da rakoda. Ƙungiyoyin sauraro da aka sani da sunan Radiyo-Kulob, waɗanda aka kafa a 1962, aikinsu ke nan su tara mutanen ƙauye su saurari shiri, a ɗauki ra'ayinsu a faifai, a mai da shi Yamai a watsa. Makaɗan gargajiya ma ta wannan hanya ta fita da rakoda muryoyinsu suka shiga taskar rediyo. Gwamnati kuma ta ɗaga darajar wasu al'adun: a garin Tawa aka yi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a 1975, a 1987 kuma aka soma gasar kiɗan zamani mai ɗauke da sunan Ɗan Gurmu, shahararren makaɗin nan na ƙasar Tawa.

Bayan babban taron ƙasa na 1991 aka buɗe ƙofa ga tashoshi masu zaman kansu, sa'an nan a 1999 aka kafa rediyon karkara na farko a Bankilare, cikin jihar Tilaberi. Irin waɗannan tashoshi na al'umma sun yaɗu har sun haura ɗari a faɗin ƙasa. Abin da aka sa rai shi ne, tun da tasha ta matso kusa, makaɗin da ke ƙauyen da ke maƙwabtaka da ita zai fi kowa samun fili. Sai ga shi lamarin ya juye: tashar nesa ta kan je ƙauye neman waƙa, ta kusa kuwa daga katin waya take kwaso tata.

3.0 Filayen da ake da su

In aka ware labarai da sanarwa da wa'azi, kiɗan da ake watsawa ya kasu gida uku. Na farko shi ne filin zaɓi-sonka da gaishe-gaishe, irin wanda masu sauraro suka saba da shi tun zamanin da Rediyon Kaduna ke cin kasuwarsa a gajeren zango. A nan waƙoƙin fina-finan Kano da na ɗakunan ɗaukar murya, masu kiɗan fiyano, su ne ke da rinjaye. Na biyu shi ne waƙoƙin addini, na bege da na gargaɗi. Na uku shi ne waƙoƙin faɗakarwa, waɗanda hukuma ko wata ƙungiya ke sa a tsara kan rigakafi ko tsafta ko sa yara lakwal.

Babu laifi ga ko ɗaya daga cikin ukun nan. Filin gaishe-gaishe musamman yana da amfani babba a yankin da maza da yawa ke tafiya cin rani Nijeriya da Kodibuwa da Libiya. Inda gizo ke saƙa shi ne matsayin da aka ba kiɗan gargajiya na yankin. Galibi ana sa shi ne a matsayin taken buɗe shiri, ko abin cike gurbi kafin baƙo ya iso, a saki ganga ta yi ƴan daƙiƙoƙi, kafin mawaƙi ya kai ƙarshen ɗa na farko an rage murya an ɗora magana a kai. Ba a faɗin sunan makaɗi, balle garinsu, balle dalilin waƙar. Wanda aka yi wa haka an ji sautinsa, amma ba a saurare shi ba.

4.0 Filayen da babu

4.1 Filin waƙoƙin sana'a. A ƙasar Hausa kusan kowace sana'a da kiɗanta: manoma da gangar noma, mahauta da kalangu, maƙera da dundufa, mafarauta da komo ko garaya, ga kuma kiɗan ƴan kokawa da na ƴan tauri. Waɗannan kaɗe-kaɗe suna tafiya da lokutan shekara, don haka tsara musu fili ba shi da wuya: kiɗan gayya da damina, na kokawa da kaka bayan an ɗaure damma, na farauta da rani. Shirin da ya bi shekara a haka zai dace da abin da mai sauraro ke ciki a ranar da ya ji shi.

4.2 Filin waƙoƙin mata. Waƙoƙin daka da niƙa da reno da na rakiyar amarya, da gaɗar ƴanmata a dandali, ba na makaɗan sana'a ba ne, ba a biyan kowa ya yi su, saboda haka ba su shiga ɗakin ɗaukar murya ba, ba su kuma hau katin waya ba. Injin niƙa ya riga ya kashe dutsen niƙa a wurare da yawa, waƙar da ke tafiya da shi tana bin sawu. A gundumar Keita, matan da suka ɗauki duwatsu a kai a babban aikin raya karkara da aka soma a 1984 da taimakon Italiya da hukumar FAO, waɗanda su ne mafi yawan ma'aikatan filin saboda maza sun yi tafiya, yau tsofaffi ne. A bakin irinsu waɗannan waƙoƙi suka rage, kuma ba za su daɗe suna jiran mai rakoda ba.

4.3 Filin fashin baƙin waƙa. Wannan shi ne mafi muhimmanci, shi ne kuma ya fi ƙaranci. Abin nufi shi ne shirin da za a sa waƙa guda daga farko har ƙarshe, a faɗi wanda ya yi ta da inda aka ɗauke ta, sa'an nan a zauna da makaɗin ko wani dattijo masani a warware kalmomi masu wuya da kirari da habaicin da ke ciki, masu sauraro su bugo waya su ƙara ko su gyara.

Har ila yau ya kamata a tuna cewa ba Hausawa kaɗai ke zaune a waɗannan gundumomi ba. Akwai Buzaye da Fulani, masu kiɗan tende da sarewar makiyaya, kuma abin da aka faɗa a kan filayen nan uku ya hau kan Tamajak da Fulfulde daidai wa daida.

5.0 Asarar da harshe ke yi

Hausar Adar, da ta Gobir Tudu inda ake lasafta Madawa, suna cikin rukunin karin harshen yamma. Mai magana da su zai ce hwari da tahi inda Bakano zai ce fari da tafi. Zai ce munka da sunka maimakon muka da suka. Zai ce gidanai maimakon gidansa, biyat maimakon biyar, ya kuma rufe jumla da na ko ta inda daidaitacciyar Hausa ke da ne ko ce. Bernard Caron ya bayyana nahawun Adaranci a littafin da ya fito a 1991, Djibo Hamani ya rubuta tarihin Adar a 1975, Nicole Echard kuma ta yi dogon bincike kan manoman yankin da borinsu. Watau masana ba su yi sakaci da wannan ƙasa ba. To amma littattafan nan da Faransanci suke, a ɗakunan karatu suke, alhali abin da ke raya kari shi ne masu shi su ji shi a wurin da ake girmamawa.

Yaron da ya tashi yana jin cewa duk waƙar da ta isa a sa ta cikakkiya a rediyo da Hausar Kano aka yi ta, tasu kuwa sai a taken shiri, darasin da zai ɗauka shi ne maganar gidansu ƙauyanci ce. Ba kuma lafazi kaɗai ke tafiya ba. Waƙar noma tana ɗauke da sunayen matakan aiki tun daga sassabe da shuka da noman fari da maimai har zuwa girbi da sussuka da shiƙa, da sunayen kayan aiki kamar sungumi da galma, da na ciyayi da itatuwa da irin ƙasa, da al'adu kamar bikin dubu na sarkin noma. Waƙar maƙera da ta mafarauta haka suke. Mai tsara ƙamus da ya rasa waɗannan waƙoƙi ya rasa jumlolin da ke nuna masa yadda ake amfani da kalma.

Maganar ta ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Duk harshen da aka ɗora wa aikin hukuma da makaranta tilas ya karkata ga daidaitaccen kari guda, wannan kuwa ba abin ƙi ba ne. Sai dai daidaitaccen karin daga rumbun sauran kare-kare yake ɗibar kalmomi in sabuwar buƙata ta taso, in kuwa rumbun ya ƙone sai a koma ara daga Faransanci ko Ingilishi abin da ake da shi a gida.

6.0 Hanzarin masu tashoshi

Masu gudanar da tashoshi suna da hujjojin da ya kamata a auna da adalci. Na farko kuɗi: tashar karkara da kuɗin gaisuwa da sanarwa da kwangilar ƙungiyoyi take rayuwa, ma'aikatanta da yawa ƴan sa kai ne, waƙar kati kyauta ce, zuwa ƙauye kuwa sai da man babur da goron makaɗi. Wannan gaskiya ne, amma wayar da ke aljihun mai gabatar da shiri a yau ta isa ta ɗauki murya mai kyau, kuma ranar kasuwa makaɗa da kansu suke shigowa gari.

Na biyu, a kan ce matasa waƙar zamani suke so. To ai waƙar zamani ba ta jiran rediyo. Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan jihar Tawa, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, kuma daga waya zuwa waya waƙoƙin suka bazu kafin duniya ta san shi. Tashar da ta tsaya gasa da katin waya kan abin da ke cikin katin ba za ta ci ba. Abin da take da shi wanda kati ba shi da shi, shi ne iya kawo makaɗi da masani da mai sauraro wuri guda.

Na uku shi ne mafi wuya. Wasu kaɗe-kaɗen, kamar gogen bori, malamai da yawa ba su yarda da su ba, tasha kuwa ba ta son rigima da jama'arta. Bugu da ƙari waƙar yabo ba ta rabuwa da zambo, kuma a yankin da zancen asali da tsohon tarihin bauta ke da zafi har yanzu, kirari guda zai iya tayar da ƙura. Wannan dalili ne na a tace abin da za a watsa, a shawarci dattawa da makaɗin kansa. Bai zama dalilin ƙin ɗauka ba, don abin da bai dace da iska ba yana iya dacewa da taskar bincike.

7.0 Kammalawa

Abin da ake buƙata ba shi da yawa. Kowace tasha ta ware fili na mako-mako mai tsayayyen lokaci, ta kuma riƙe littafin da za a rubuta sunan makaɗi da garinsu da ranar ɗauka da irin kiɗan, tare da yardarsa da hakkinsa kamar yadda ofishin kare hakkin mawallafa na ƙasa ya tanada. Duk abin da ya shafi wannan yanki a taskokin Muryar Sahel da cibiyoyin IRSH da CELHTO a Yamai, a kwafe shi a mayar wa tashoshin. Jami'an yaƙi da jahilci, waɗanda hukumarsu ke aiki tun 1963 tana kuma fama da ƙarancin abin da sababbin masu karatu za su karanta bayan sun gama aji, su rubuta waƙoƙin da aka watsa su buga su ƙananan littattafai, don babba ya fi saurin karanta abin da ya riga ya haddace. A wajen rubutun a bar waƙa yadda aka rera ta, hwari ya zauna hwari, a sa daidaitacciyar siga a gefen shafi. Ta haka mai koyo zai ga maganar bakinsa a takarda, ya kuma ga hanyar da ta haɗa ta da Hausar littafi, mai bincike kuma ya sami matani mai suna da wuri da kwanan wata wanda zai iya dogara da shi.