Shin Lambar Elo Za Ta Iya Auna Gwanayen Da Suka Shuɗe? Darasi Ga Darar Zuru

A shekarar 1978 Arpad Elo, malamin fiziya ɗan asalin Hungari da ya koyar a Amurka, ya fitar da littafinsa The Rating of Chessplayers, Past and Present. A ciki ya raba wa gwanayen darar Turawa, wato ces, lambobin ƙwarewa, har da waɗanda suka rasu tun kafin a ƙirƙiro lissafin. Capablanca ya samu 2725, Paul Morphy 2690. Littafin ya cancanci yabo, amma wannan ɓangaren nasa akwai abin dubawa.

Bari mu fara da yadda lissafin yake. Hukumar ces ta duniya, FIDE, ta karɓe shi a 1970. Abin da yake aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin mutum biyu. Idan ka fi abokin karawarka da maki 200, ana sa ran ka kwashe kusan 76 cikin 100 na sakamako. Idan tazarar 400 ce, kusan 91. In ka yi abin da ya wuce zato lambarka ta hau, in ka gaza ta sauka. Shi ke nan fa.

To ina matsalar? Ta farko, yawancin tsoffin karawar kulob da kulob ba ta mutum ɗaya ba ce. Ɗauki wadda aka yi tsakanin kulob ɗin Landan da na Edinbara daga 1824 zuwa 1828. Ta wasiƙa aka buga, wasa biyar cikin shekara huɗu, Edinbara ta ci biyu, Landan ɗaya, aka yi kunnen doki biyu. Kwamiti ne ke zama ya yi shawara kafin a aika kowane motsi. Wa za ka bai wa makin? Irin wannan tarihi ba ya shiga lissafin, alhali shi ne ya bar mana sunan buɗe wasan da ake kira Scotch har yau.

Ta biyu ta fi girma. Lambar tana da ma'ana ne tsakanin mutanen da ke karawa da juna. Elo ya haɗa zamani da zamani ta hanyar masu dogon zango irin su Emanuel Lasker, wanda ya zama zakaran duniya a 1894 kuma yana buga manyan gasa har 1936. Dabara ce mai kyau, sai dai kowace mahaɗa tana ɗauke da ɗan kuskurenta, kuma kuskuren taruwa yake yi. Saboda haka wanda ya ajiye 2690 ɗin Morphy kusa da 2882 da Magnus Carlsen ya kai a 2014 ya ce ga bambancinsu, ya ɗora wa lissafin kayan da ba zai iya ɗauka ba.

Me ya haɗa wannan da mu? Littattafan wasanni na ƙasashen waje idan sun zo kan dara, mai gurbi 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, Dakarkarin ƙasar Zuru suke ambata. A ce 'yan dara na cikin garin Zuru sun ɗauki tsarin Elo, na Dabai ma sun ɗauka, kowa ya fara da 1500, amma ba su taɓa haɗuwa ba. Bayan shekara zakaran nan yana da 1800, na can ma 1800. Ƙarfinsu ɗaya ke nan? Ko kusa. Sai an yi karawar gari da gari, kowa da abokin karawarsa, sannan lambobin biyu za su yi magana da juna.

Ka ga ke nan abin koyi a aikin Elo ba lambar ba ce, takardun da ya tarar ne. Ya iya waiwayen sama da shekara 100 saboda wasu sun rubuta wa ya kara da wa, ran nawa ga wata, wa ya ci. Gwanayen dararmu kuwa sai labarin baka, dattijo ya tafi ya tafi da shi. Littafin rubutu guda a majalisar dara ya isa a fara: suna, rana, sakamako. Lambar za ta iya jira, sakamakon da ba a rubuta ba ne ba ya dawowa.