Gidan La Roche: Wurin Kwana ko Ma'ajiyar Zane?

Masu iya magana sun ce kowa ya daɗe ya ga daɗau. A 'yan shekarun nan wata ɗabi'a ta shigo wa masu zayyanar gini, watau haɗa gidan zama da zauren nunin zane-zane. Don mu auna wannan ɗabi'a, na ga ya kyautu mu koma ga wani gida da ake yawan koyi da shi.

Gidan yana birnin Faris ta ƙasar Faransa. Le Corbusier da ɗan'uwansa Pierre Jeanneret ne suka zayyana shi, aka gina tsakanin 1923 da 1925. Mai gidan kuwa, Raoul La Roche, ma'aikacin banki ne mutumin Basel ta ƙasar Suwizalan, wanda ya tara zane-zanen Picasso da Braque da Léger. An raba gidan biyu: sashe guda na kwana da cin abinci, ɗaya kuwa na zane da littattafai.

Da na zauna na duba taswirar gidan da hotunansa, tilas na yaba wa magina kan abu guda. Zauren zanen an ɗora shi bisa ginshiƙi, haske na shigowa ta tagogin da ke can sama, sa'an nan akwai wata hanya mai gangara, ba matakala, wadda ke bin lanƙwasar bango har ɗakin karatu. Mai hawa yakan ga zane ɗaya daga ƙasa, ya kuma gan shi daga sama. Wannan hikima ce, ba shakka.

Amma fa inda gizo ke saƙa shi ne, wa aka gina wa gidan? La Roche tuzuru ne, ba mata ba 'ya'ya. Ɗakin kwanansa ɗan ƙarami ne, zane ya kwashe fili mafi kyau. Gangarar nan kuma tana da tsauri, tsohuwa ba ta hawa ta cikin daɗin rai. Har ila yau, magina sun shafe bangaye da launuka iri-iri, ga shi bangon da kansa yana neman ido, yana kishi da abin da aka rataya masa.

Babbar hujjata ita ce abin da ya faru daga baya. La Roche ya ba gidan tarihi na Basel yawancin manyan zane-zanensa, ya rasu a 1965. A 2016 Hukumar UNESCO ta sa gidan cikin kayan tarihi na duniya. Masu ziyara ginin suke zuwa kallo. Ashe bawan da aka ɗauko don ya riƙe wa zane fitila, shi ya gaje sarautar.

Mu nan ba baƙin wannan sha'ani ba ne. Duk wanda ya shiga ɗakin amarya ya ga jere, ya san ɗaki kan zama wurin kwana da wurin nuni gaba ɗaya, kuma ba wanda jeren ya hana shimfiɗa tabarma.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai masu koyon zayyanar gini, idan za su ɗauki darasi daga Le Corbusier, su ɗauki na haske da na tafiyar ido. Amma kafin su ja layin farko, su tambayi mai gida mutum nawa za su kwana a ciki. Allah ya sa mu dace, amin.