Garaya, Kalangu da Littafin Waƙoƙi: Kirista da Waƙar Duniya a Ƙasar Malumfashi

A majami'un ƙauyukan Malumfashi da Ƙafur da Bakori, waƙa gida biyu ce: waƙar Allah da waƙar duniya. Ta farko tana cikin Littafin Waƙoƙi, ko a bakin mawaƙan coci da Zumuntar Mata. Duk sauran, tun daga kalangu har waƙar fim, an kora su gida na biyu. Wannan rabo yana da daɗin wa'azi, amma bai yi wa kiɗan Hausa adalci ba.

Sai an tuna inda mutanen nan suka fito kafin a ga laifin dattawansu. Galibin Hausawa Kiristoci na wannan yanki jikokin Maguzawa ne, waɗanda bishara ta iske ta hannun mishan ɗin SIM, wadda ta haifi ECWA a 1954, da kuma limaman Katolika. A gidan Bamaguje kiɗa ya wuce nishaɗi. Garaya da goge da ƙwarya su ne bakin da ake kiran iskoki da shi a wasan bori. Sarkin Rafi da takensa, Inna da nata, Ɗan Galadima da nasa, kuma da zarar an kaɗa sai iska ya hau dokinsa. Matar da aka yi wa girka tun tana budurwa, ta zo ta karɓi baftisma, ba za ka ce mata taken Inna sauti ne kawai ba. Jikinta ya san abin da ya sani. Irin wannan lamiri ne Manzo Bulus ya ce a tausaya masa a 1 Korantiyawa sura 8, inda ya yi maganar naman da aka yanka wa gumaka. A nan dattawan sun yi daidai.

Kuskurensu shi ne kuɗin goro da suka yi. Gangar noma ma ta shiga sahun abin ƙyama, alhali aikinta a ranar gayya ta zuga samari su kai kunya ƙarshe kafin rana ta take. Gaskiya ne akwai inda noman Maguzawa ya gauraya da tsafi, amma kirarin da ake yi wa mai ƙwazon fartanya ba kiran aljani ba ne. Haka waƙar daɓe da ta niƙa da ta reno. Littafi Mai Tsarki kansa bai tsaya kan zabura ba: akwai waƙar soyayya sukutum a cikinsa, akwai makokin Dawuda a kan Saul da Yonatan, wanda yabon jarumai ne zalla.

Ƙasar Funtuwa kuwa ba wurin da za a toshe kunne ba ce. Nan Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, ya yi zamansa har ya shugabanci jam'iyyar SDP a ƙaramar hukumar, kafin rasuwarsa a 1999. Wane manomi ne, Musulmi ko Kirista, bai ji shi a rediyo ba? A bakinsa akwai yabon manoma da direbobi da labarin ƙasashen da ya zaga. Akwai kuma zambo mai ƙona fata da kuranta masu shan giya. Mai cewa a jefar da Shata ɗungurungum ya yi asarar Hausa mai tsada. Mai cewa a haɗiye shi duka bai saurare shi da kyau ba. Maƙwabta Musulmi ma ba su gama wannan gardama ba tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

Yau ma iyakar ta ƙara shafewa. Tulu da kacau-kacau da salon bayarwa da amshi na Zumuntar Mata daga dandali da tsakar gida suka shigo coci, kuma su ne suka sa sujada ta zama ta 'yan gida. Matashin da ke rera waƙar bishara da fiyano a sitidiyo, amonsa bai da maraba da na mawaƙi Hamisu Breaker. Kalmomin ne kawai suka bambanta. In kiɗan ne haram, to ya riga ya zauna a bencin gaba.

Abin da ya fi cancantar fasto ya sa wa ido shi ne roƙo da zambo. Lokacin zaɓe, waƙoƙin Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙasar Danja, da na takwarorinsa su ke cika kasuwa da tasha, ana wasa wani ana yi wa wani habaici, yara suna haddacewa ba tare da tambayar addinin kowa ba. Wannan ɗabi'a ta samu ƙofa har cikin haikali. A taron neman gudummawar gini, mawaƙi yakan fara da sunan Yesu, kafin baiti na uku ya koma kan babban baƙo da motar da ya zo da ita, ana yi masa liƙi a goshi. Ba kasafai ake jin wanda ya kira wannan waƙar duniya ba.