Wa Zai Jefa Ƙuri'a? Sharhi a Kan Waƙar "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" ta Sa'adu Zungur

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami ɗalibin Hausa da bai ci karo da wannan waƙa ba. Malam Sa'adu Zungur, mutumin Bauchi, wanda ya rasu a 1958, ya rubuta ta wajen 1950, lokacin da ake ta kai-komo a kan sake tsarin mulkin Nijeriya. An saba nazarin waƙar ta fuskar gargaɗi da kishin Arewa. Wannan takarda za ta dube ta ta wata fuska dabam, wato matsayin da ta ba talaka a sha'anin zaɓen shugabanni.

2.0 Jigo

Sunan waƙar kansa tambaya ce mai zaɓi biyu, kuma kalmomin biyu duk aro ne daga Larabci. Jumhuriya mulki ne da babu sarki a samansa, mulukiya kuwa mulkin sarauta ne. Mawaƙin ya karkata ga mulukiya irin ta Ingila, inda sarauta ke tafiya tare da majalisa. Amma bai ba sarakuna goyon bayansa kyauta ba. Ya tuna masu abin da ya sami sarakunan Indiya bayan 'yancin 1947, ya nuna masu cewa idan ba su yi gyara ba, guguwar zamani za ta yi awon gaba da su. Faɗa wa sarakuna haka a wancan zamani ba ƙaramar jarunta ba ce.

3.0 Zubi da Salo

An gina waƙar da baitoci 'yan ƙwar biyu, da amsa-amon "ya" wanda ya dace da ƙarshen kalmomin biyu na sunanta. A sashen da ya fi shahara, mawaƙin ya riƙa maimaita kalmar sharaɗi guda a farkon baitoci, yana jero cututtukan al'umma irin su karuwanci da bara. Wannan salo ya sa sashen ya zauna a bakin jama'a. Sai dai ya kamata ɗalibi ya lura da rabon matsayi a cikinsa. Masu mulki ake yi wa magana, talakawa kuwa maganarsu ake yi. Macen da ta fito a sashen abar gyarawa ce, ba mai shawara ba. A nan ne iyakar waƙar take: ta tambayi wane irin mulki ya dace, ba ta mayar da hankali ga wanda zai zaɓi masu mulkin ba.

4.0 Waƙar a Ma'aunin Tarihi

Zaɓen 1951 a Arewa ya nuna nauyin wannan tambaya ta biyu. Maza masu biyan haraji kaɗai ke da ƙuri'a, kuma zaɓen hawa-hawa ne. A matakin ƙarshe En'e tana da ikon ƙara mutanenta, har kashi 10 cikin 100. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a 1950, ta yi nasara a matakan farko a birnin Kano, amma ba ta kai labari ba a ƙarshe. Sai a zaɓen tarayya na 1959 aka ba dukkan maza baligai na Arewa ƙuri'ar kai tsaye cikin sirri, aka bar mata a baya.

Malam Mudi Sipikin ya mayar da martani da waƙarsa "Arewa Jumhuriya Kawai". To amma ko jumhuriya kaɗai ta isa? Nijeriya ta zama jumhuriya a 1963, duk da haka matan Arewa ba su sami ƙuri'a ba sai a 1976, suka shiga babban zaɓe a 1979, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba da ta sha ɗauri. Ingila mai sarauta ta daidaita ƙuri'ar mata da ta maza a 1928, Faransa mai jumhuriya ba ta ba mata ba sai a 1944. A Nijar kuwa, dokar Faransa ta 1956 ta ba kowane baligi ƙuri'a, mace da namiji, tun ƙasar na ƙarƙashin mulkin mallaka. Ke nan Bahaushiyar Maraɗi ta riga 'yar'uwarta ta Katsina samun wannan haƙƙi da shekara 20. Ashe sunan mulki dabam, 'yancin zaɓe dabam.

5.0 Kammalawa

Wannan sharhi ba rage darajar Malam Sa'adu ba ne. Waƙarsa ta koya wa mai karatu cewa sarki ma abin tuhuma ne, kuma sai an yarda da haka ne ƙuri'a ke da amfani. Shi ya share fili, wasu suka yi shuka. Abin da ake so ɗalibi ya riƙe shi ne, idan ya ɗauki waƙar siyasa, kada ya tsaya ga abin da aka faɗa kawai. Ya binciki wa ake yi wa magana, wa ake maganarsa, wa kuma aka bari a bakin zaure.