Jinjina ga masu tuya da masu shayi na Kafanchan

Tun kafin kiran assalatu da ƙararrawar coci, mai ƙosai a Kafanchan ta surfa wakenta, ta kai niƙa, ta hura wuta. Ƙullin nan sai an buga shi sosai yake tashi a kasko, hannunta kuwa duk tabon mai ne. A gefenta mai shayi na fasa ƙwai, yana juya Indomie, yaronsa na ɗauraye kofuna. Su ke ciyar da wannan gari na mahaɗar layin dogo: direban da zai kama hanyar Jos, ɗan acaɓa, ɗalibin kwalejin ilimi ta Gidan Waya, manomin citta daga Kwoi.

To, me suke samu? A 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000, Jihar Kaduna ta amince da 72,000, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Yaran gidan abinci da yawa ladan yini ake ba su, a haɗa da kwanon shinkafa. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, kuɗin mota, haya da man gyaɗa suka yi tashin gwauron zabi.

Duk da haka mai tuya ba ta korar mai ɗari biyu. Takan ɗan rage girman ƙosai, ta ba lebura bashi har ranar biya, ta ƙara wa yaro gyara. Ba don ita ba, mutane da dama da yunwa za su fita nema.