Tarihin Marigayiya: Yadda Iyali Ke Rubuta Rayuwar Uwa

Tarihin marigayiya gajeren rubutu ne da 'ya'ya da jikoki kan haɗa idan uwa ta rasu, a karanta shi a coci ranar jana'iza. A unguwannin kudancin garin Kaduna, irin su Trikania da Nasarawa da Kakuri, ana buga shi cikin ɗan littafin tsarin sujada: hotonta a bango, sau da yawa sanye da ankon Zumuntar Mata, sai tarihin, sai kalaman ban kwana na dangi. Tarihin yawanci da Turanci yake, ko da waƙoƙin da za a rera na Hausa ne.

Tsarinsa bai cika sauyawa ba. Akan fara da ƙauyen haihuwa, ko wajen Zonkwa ne ko Kagoro ko Kwoi, a bi da baftisma da aure da hidimar coci, a rufe da adadin 'ya'ya da jikoki. Amma mai karatu da natsuwa zai tsinci tarihin birnin a ciki, wanda ba a yi niyyar rubutawa ba. Matar da ta biyo miji saboda ya sami aiki a masaƙun Kakuri, waɗanda ta farkonsu ta buɗe a 1957, ita ce kuma ta riƙe gida da tuyar ƙosai ko sayar da hatsi bayan masaƙun sun durƙushe. Rikicin 2000 da na 2002, da suka sa Musulmi da Kirista sauya matsuguni a ɓangarori biyu na kogin Kaduna, kan fito a jimla guda: ta tashi daga unguwa kaza ta dawo nan.

'Yan cocin Mormon, wanda Joseph Smith ya kafa a Amurka a 1830, sun kai wannan al'ada nesa, kuma dalilinsu na aƙida ne. Sun yi imani ana ɗaure iyali har abada a haikali, kuma mace mai rai na iya karɓar baftisma a madadin kakarta da ta riga mu gidan gaskiya. Saboda haka sunan kakar da ranar haihuwarta abin adanawa ne. Ƙungiyar Daughters of Utah Pioneers, da aka kafa a 1901, ta tara tarihin matan da suka yi hijira zuwa kwarin Salt Lake da ke Yuta tun daga 1847, wasunsu da ƙafa suna jan amalanke. Cocin ya kafu a Nijeriya a 1978, lokacin da aka yi wa Anthony Obinna baftisma a ƙasar Mbaise, matarsa Fidelia kuma ta jagoranci ƙungiyar mata ta reshen farko. An buɗe haikalinsu na Aba a 2005.

Raunin rubutun iri ɗaya ne a Trikania da Yuta. Ba a faɗin aibin mamaci, don haka kusan kowace uwa kan fito mai haƙuri, mai addu'a, mai ciyar da baƙo. Kishi da saɓanin aure da burin da ta binne saboda 'ya'ya ba su da gurbi. Mormon sun yi auren mace fiye da ɗaya har zuwa sanarwar shugabansu Wilford Woodruff ta 1890, kuma jikoki kan sassauta ɗacin wannan zama. Shi ya sa masaniyar tarihi Laurel Thatcher Ulrich, a littafinta na 2017 kan matan Mormon na wancan zamani, ta dogara da wasiƙunsu da littattafan da suke rubuta al'amuransu na yau da kullum.

Uwar Trikania ba kasafai ta bar irin wannan rubutu ba; muryar da ke cikin ɗan littafin ta 'ya'yanta ce. Manazarcin da ke son jin tata sai ya haɗa da rajistar coci, da littafin taron Zumuntar Mata, da bakin ƙawayenta da suka yi kasuwa tare.