Jitar Bes: Mai Gyara da Mai Bari

A cikin kayan kiɗan da zamani ya kawo, da wuya a sami wanda masu shi suke dame shi da taɓe-taɓe kamar jitar nan ta lantarki mai kaurin murya, wadda makaɗa ke kira bes. Mutum ya saye ta yau, gobe ka tarar ya kwance ta ya baje, wai muryarta ba ta gamshe shi ba. Jibi kuma ya ɗora laifin a kan amfilifaya, watau akwatin da ke karɓar sautin ya ƙara masa ƙarfi ya miƙa wa lasifika. Abin da muke so mu auna shi ne, yaushe ne wannan taɓe-taɓe yake zama gyara, yaushe ne kuma yake zama ɓarna. Ma'auninmu kuwa makaɗa biyu ne na Amurka, waɗanda kowannensu ya riƙi jitar da aka ƙera a ma'aikata ɗaya cikin shekara ɗaya, amma suka raba hanya.

Da fari ya kamata mai karatu ya san asalin abin. Kafin 1951 mai riƙe gindin kiɗa a ƙungiyoyin Amurka yakan yi fama da wani ƙaton goge mai tsayin mutum, ga wuyar ɗauka, ga shi ƙahoni da ganguna suna danne muryarsa. A wannan shekara Leo Fender na garin Fullerton a Kalifoniya ya fito da jita mai tsirkiya huɗu da ya kira Precision. Ya gitta 'yan sandunan ƙarfe a wuyanta, su zama matakai, don yatsa ya faɗa daidai kan sautin da ake so. A ƙarƙashin tsirkiyoyin ya sa mayen ƙarfe naɗe da siririyar wayar tagulla, shi ne kunnen jitar, mai mai da motsin tsirkiya ya zama lantarki. A 1960 ya ƙara wata mai suna Jazz, mai siririn wuya da kunne biyu. Shi Fender asalinsa mai gyaran rediyo ne, saboda haka ya haɗa wuyan da gangar jikin da sukurori huɗu kawai, yadda duk abin da ya lalace a cire shi a sa wani. Ka ga ke nan tun daga ƙira aka buɗe wa masu taɓe-taɓe ƙofa.

Na farkon makaɗan namu shi ne James Jamerson, wanda ya yi wa kamfanin Motown na birnin Detroit kiɗa a faya-fayai masu ɗimbin yawa. Jitarsa Precision ce ta 1962, kuma kusan yadda ya same ta haka ya bar ta. Tsirkiyoyinsa masu santsin baya ne, ba ya sake su sai in sun tsinke. Sun yi nisa da wuyan jitar har waɗansu makaɗa suka ce ba ta kaɗuwa, shi kuwa da yatsa ɗaya na hannun dama yake sarrafa ta. Duk mai son ya ji amfanin wannan, ya saurari waƙar “What's Going On” ta Marvin Gaye, ta 1971. Kowane sauti gajere ne, mai kauri, ya fito ya mutu da wuri, ya bar wa na bayansa fili. Don haka ko da yake yatsansa ba ya hutawa, bai taɓa tare wa mawaƙi hanya ba. Tsohuwar tsirkiya ita ta ba shi wannan, da ya sa sabuwa mai ƙara da kiɗan ya cakuɗe.

Na biyu shi ne Jaco Pastorius, wanda ya tashi a Fulorida, mai jitar Jazz ta 1962. Shi kam bai tausaya mata ba. Bisa ga faɗarsa, wuƙar cin abinci ya sa ya ɓamɓare matakan ƙarfen nan, ya cike ramukan, sa'an nan ya shafe wuyan da wani irin danƙo mai tauri da ake shafa wa jiragen ruwa, don kada tsirkiyoyinsa masu kaushi su cinye itacen. Watau ya rushe ainihin abin da Fender ya yi taƙama da shi. Amma ya san abin da yake nema: murya mai ja, mai zamewa daga sauti zuwa sauti kamar ta ɗan Adam. A faifan Hejira na Joni Mitchell, na 1976, za ka ji jitar tana amsa wa mawaƙiyar kamar 'yar amshi, ta bi ta, ta kewaye ta, ta koma gindi. A ganinmu nan ne gyaran nasa ya fi biyan kuɗin sabulu.

To, wane ne ya yi daidai? Dukansu biyu, gama kowannensu kunnensa ne ya yi masa jagora, hannu ya bi baya. Amma kowace hanya da ramin da ke cikinta. Sa'ad da Jamerson ya koma Los Angeles bayan 1972, masu ɗaukar faifai suka fara son sauti mai haske, shi kuwa ya ƙi rabuwa da tsofaffin tsirkiyoyinsa, wannan yana cikin abubuwan da suka rage masa aiki kafin rasuwarsa a 1983. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Ramin hanyar Pastorius kuwa almajiransa suka faɗa ciki. Samari da yawa suka ɓamɓare matakan jitocinsu, alhali ba su da kunnen da zai gaya wa yatsa inda zai tsaya, sai ga kiɗa yana ta gocewa. Garin neman gira aka rasa ido.

Kasuwa kuwa ta gane wannan rauni na masu saye. Tun daga 1995 kamfanin Fender yake sayar da sababbin jitoci waɗanda aka kankare fentinsu da gangan don su yi kama da tsofaffi, har akwai mai kamannin ta Pastorius da tabonta duka, da tsada ƙwarai. Ba mu ce aikin ba shi da kyau ba, maƙeran gwanaye ne. Sai dai tabon da ke jikin ta asali gumin shekaru ne ya yi shi, kama da wane kuwa ba ta wane. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya cika ƙasa da suna, ba wanda ya taɓa zaton sirrin yana cikin gwangwanin.

Inda muke ganin kashe kuɗi ya halatta shi ne wajen amfilifaya, domin nan akwai dalili na zahiri. Tsirkiya mafi kauri tana kaɗawa wajen sau 41 ne kacal a daƙiƙa, irin wannan sauti kuwa sai an tura iska mai yawa kafin ya cika ɗaki. Shi ya sa Ampeg B-15 ta 1960, mai ƙarfin wat 25 zuwa 30 da lasifika mai faɗin inci 15, ta wadatar a ƙaramin zaure, amma da wasa ya koma manyan filaye sai da kamfanin ya fito da SVT a 1969, mai wat 300. Wanda ya haɗa jita mai tsada da ƙaramin akwati ya ɗaura wa jaki sirdin azurfa. Mai sayen tsohuwar amfilifaya daga Amurka kuma ya tuna wutarsu bolt 120 ce, tamu 230, in ya jona kai tsaye sai hayaƙi.

Saboda haka ga shawararmu. Kada ka yi cinikin biri a sama, ka riƙe jita a hannu, ka kaɗa ta ba wuta, ka duba ko wuyanta ya karkace. In ka saya, ka fara da gyaran da ake iya warwarewa: sake tsirkiya, daidaita tsayinta, da juya sandar ƙarfen da ke cikin wuyan sa'ad da hunturu ya busar da itace. Ka yi wata shida kana kaɗa ta cikin jama'a. Bayan haka, in ka iya faɗin abin da ta rasa da baki, a fili, yadda abokin kiɗanka zai gane, to, ɗauko sukundireba. In kuwa ba ka iya faɗa ba, lalle jitar lafiyarta lau, yatsunka ne ke bukatar aiki.